Tagar Dada da Ruwan da Na Yayyafa

Kun taso kuna jin mutane suna kirana Sale Damina. Wasunku sun ɗauka da damina aka haife ni, autarku ma ta taɓa gaya wa ƙawayenta wai saboda kyauta ne. Babu ko ɗaya. Da rani aka haife ni, kuma ni ba mai kyauta ba ne, kun fi kowa sani. Akwai kuma wata magana da har yau take yawo a bakin wasu tsofaffi a Gaya, cewa Baffanku Idi ya taɓa ɓata min aiki na rufa masa asiri. Sunan da maganar tushensu ɗaya. Shi ya sa na zaunar da 'yar'uwarku Hadiza na ce ta rubuta, tunda ni ban yi boko ba, lambar tef ɗin awo kaɗai nake karantawa. Na gaya mata kada ta gyara min magana, kada ta sa mata zuma.

Idi ƙanena ne ciki ɗaya. Yana da shekara shida iyayenmu suka rasu, tsakaninsu wata huɗu, ni kuwa ban kai ashirin ba. Abin da suka bar mana 'yar gona ce a Gafasa da jaki mai ɗingishi. Na bar Idi wurin gwaggonmu na shiga Kano. Na yi dako, na kwana a rumfunan mutane, na sha duka a kan abin da ban ɗauka ba. Daga baya wani mai sayar da gilashi ya ɗauke ni ina sauke masa kaya. A nan na koyi yanka, a nan kuma na bar yatsu biyu na hannun hagu. Ba zan tsaya a kan wannan ba, duk wanda ya yi talauci ya san sauran. Da na mallaki dayamon, wato alƙalamin yanka gilashi, da zarto da tef, na dawo Gaya na buɗe shago, na je na ɗauko Idi. Shekara ashirin da wani abu muna tare. Ni ke awo da yanka, shi ke haɗa firam da liƙi. Kwano ɗaya muke ci kullum da rana a bakin shago, har bayan da kowa ya yi iyali. Idi ya fi ni shiru, amma idan ya ja gam a gefen gilashi sai ka ce zare aka miƙe. Ban taɓa gaya masa haka ba. Ni na goye shi, ban ga dalilin yabonsa ba.

A shekarar da nake ba ku labari, bazara ta fara shiga, wani Alhaji Umaru daga Toranke ya zo shago. Bafulatani ne da ya zauna, yana noma yana kuma sayar da shanu. Mahaifiyarsa, wadda kowa ke kira Dada, ɓarin jikinta ya shanye, shekara biyu tana kwance, zafi kuma yana ɓare mata baya. Ya sa mata sola da 'yar na'urar sanyaya ɗaki, amma tsohuwa ta ce ba za ta kwanta inda ba ta ganin shanunta ba. Sai ya fasa bango ya sa mata babbar taga mai kallon garke. Garken kuwa yamma yake. Daga azahar rana ta faɗo a kan gilashin nan, ɗaki ya zama tanda, na'ura ta yi ta nishi a banza. In aka saki labule ɗaki ya ɗan huce, sai Dada ta juya fuska bango ta ƙi cin abinci.

"Malam Sale, abin ya zama ko sanyi ko shanu," in ji Alhaji. "Ni kuma duka biyun nake nema mata. An ce ka yi aiki a birni."

Na ce, "Na ga ana yin mai gilashi biyu da iska a tsakani. Yana rage zafi. Ban ce yana kashe shi ba."

Idi yana gefe yana goge firam. Bai ɗago ba ya ce, "Uku za a yi, Yaya."

"Uku ba za su shiga firam ba. In ma sun shiga, nauyi zai tsaga bangon."

"Na tsakiya siriri za a sa, irin na firam ɗin hoto. Shi ba ya ɗaukar komai, iska kawai zai raba gida biyu."

Ashe ya daɗe yana kallon yadda ake yi a wayarsa bai gaya min ba. Na dube shi, na dubi Alhaji, na ce ya ba mu kwana goma.

Abin ba siddabaru ba ne. Gilashi mai kauri mai ɗan duhu a waje, wani mai kauri a ciki, siriri a tsakiya. Tsakanin kowane biyu a sa 'yar sandar alminiyam mai rami ta zagaye gefe, a cika ramin da wasu ƙwayoyi masu shan laima, irin waɗanda kuke gani a ƙulle cikin kwalin sabon takalmi. Sannan a liƙe gefen kaf da gam, iska ba shiga ba fita. Iskar da aka kulle ita ce ke tare zafi. Ya keta gilashin waje ya tarar da iska a tsaye, ya keta siriri ya sake tarar da wata, kafin ya kai ɗaki ya gaji. Siririn ne mai wuyar sha'ani. In ka ɗauke shi a kwance sai ya lanƙwasa ya tsage a hannunka. Uku na fasa kafin na gane a tsaye ake ɗaukarsa, kuma ja ɗaya ake yi masa da dayamon, ba a komawa. Idi ya ce a ɗan gutsure masa kusurwa ɗaya don iskar gidajen biyu ta riƙa daidaita, kada zafin rana ya kumbura ɗaya ya tura shi ya fashe. Na yi yadda ya ce.

Abin da na fi tsoro ƙura ce. Tagar da aka liƙe ba a sake buɗe ta. Ƙwayar ƙasa ɗaya in ta shiga tana nan har abada a gaban idon mai ɗaki. Shagonmu a bakin titi yake, don haka na kwashe aikin na kai ɗakin baya na gidana, inda uwarku Rabi ke ajiye kayan miya. Na kuma yi abin da kowane ɗan gari ya tashi da shi: kafin ka yi shara, ka yayyafa ruwa. Tun muna yara gwaggo ke dukanmu a kan shara ba yayyafi. Na yayyafa da safe, na yayyafa da hantsi, na ƙara da azahar. Na jiƙa buhu na rataye a ƙofa, na toshe 'yar tagar ɗakin da tsumma. A waje bazara tana ƙona ganye, a ciki muna aiki jiƙe sharkaf. Ledar ƙwayoyin nan da muka sayo daga Kano na kwance ta tun ranar farko na ajiye a lungu don ta zama kusa da hannu. Kwana biyar tana nan a buɗe. Sau ɗaya Idi ya ce, "Yaya, iskar ɗakin nan ta yi nauyi." Na ce masa ya ja gam ɗinsa ya bar min tsafta.

Muka ɗora ta a tsaye a bayan a-kori-kura tsakanin katifu biyu, Idi na rungume da ita tun daga Gaya har Toranke. Kafin la'asar mun kafa. Aka tayar da na'ura, aka ɗage labule. Na ɗora tafina a gilashin waje, kamar kaskon tuya. Na shiga ciki na ɗora, kamar jikin randa. An tokare Dada da matasai, 'yar ƙaramar tsohuwa mai idanu kamar na shaho. Ta daɗe tana kallon waje.

Can ta ce, "Umaru, jar saniyar nan ta rame. Kuna ce min lafiyarta ƙalau."

Alhaji ya ce, "Shayarwa take yi, Dada."

"Ni ma na shayar, ban zama haka ba. A kawo min fura."

Alhaji ya fita tsakar gida ya share ido. Ni kuwa na koma Gaya ina jin kaina ya taɓa rufin mota.

Kwana huɗu aka yi Alhaji ya kira ni a waya ya ce in zo in gani. Na je na tarar gilashin ya yi gumi. Na goge ta ciki, yana nan. Na zagaya na goge ta waje, yana nan. Raɓar a tsakani take, inda hannu ba ya kaiwa. Da an tayar da na'ura sai ta taru, ta yi fari, ta fara gangarowa layi-layi. Garke ya koma inuwa mai motsi.

Dada ta ce, "Kai mai gilashi, wa ya ce ka sa min gajimare a ɗaki? Ina jin kukansu, ba na ganinsu."

Muka cire tagar, muka mayar da tsohon gilashi da labule, tsohuwa ta sake juya fuska bango.

Ranar ta yi daidai da kasuwar Ajingi. A hanyar dawowa muka tsaya teburin wani mai shayi da muka saba, ni da Idi. Labari ya riga mu zuwa. Akwai mutane kusan goma a benci, cikinsu har da Malam Hudu, surukin Idi, uban matarsa. Wani direba mai tsokana ya ce, "Sale, an ce kun yi wa tsohuwa taga mai hawaye." Aka yi dariya. Ni mutum ne da aka yi wa dariya da yawa ina yaro, na kuma rantse ba za a ƙara ba. Jinina ya hau. Abin da na faɗa, ga shi, yadda na faɗe shi:

"Yanka ne nawa. Kun ji an ce gilashi ya fashe? Liƙi ne ya bar ƙofa, iska ta shiga. Mai liƙin ga shi nan zaune. Shekara ashirin ina goye da shi, har yau hannunsa bai nuna ba."

Malam Hudu ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa. Idi ya ajiye kofinsa a hankali.

"Haka ne, Yaya?"

"Haka ne."

Ya buɗe jakarsa ya fito da bindigar gam ɗin da yake liƙi da ita, ya ajiye ta a gabana kusa da burodi, ya tashi. Bai shiga motarmu ba. Kafin mako ya zagayo ya kwashe iyalinsa ya koma gonar Gafasa. Ban hana shi ba. A lokacin na yarda da abin da na faɗa, in ba ta liƙi ba ta ina ruwa zai shiga? Amma ko da gaskiya ne, ba wurin faɗarsa ke nan ba. Wannan na sani tun ina tauna burodin.

Na ce zan yi ta biyu ni kaɗai, in nuna wa gari. Na sake yanka. Na koma ɗakin baya, kuma don in fi na farko tsafta na ninka yayyafi. Na ja gam da kaina, na bi shi sau biyu, da yatsu takwas. Wannan karon na ce ba zan ɗauki kaya zuwa Toranke ban gwada ba. Na sayo ƙanƙara wurin masu sayar da ruwan sanyi, na naɗe ta a leda, na jingina a jikin gilashin ciki, na zauna. Kafin a sha kofin shayi farin nan ya fito, a tsakani, daidai inda ƙanƙarar take. Ina zaune ina kallonsa Rabi ta ɗaga buhun ƙofa ta shigo da gwangwani a hannu.

"Malam, in ka gama da ɗakin nan ina so kayan miyata su dawo hayyacinsu."

"Ba yanzu ba, Rabi."

"Yanzu ne. Dubi gishirina." Ta karkata gwangwanin, gishiri ya dunƙule ya ƙi zuba. "Kuka ta yi curi, ashana ba ta kamawa. A bazara fa. Garin nan kaf ba inda ake damina sai ɗakinka."

"Me ya haɗa gishiri da gilashi?"

"Ban sani ba, ni ba mai gilashi ba ce. Na dai san abin da aka rufe a jiƙe, a jiƙe ake samunsa. Na so in gaya maka tun aikin farko, ka ce kada mace ta shigo ta kawo ƙura."

Ta fita ta bar min gwangwanin. Na ɗauko tagar farko, wadda Idi ya liƙa, na sa wuƙa ina neman ƙofar da na ce ya bari. Tun hantsi nake yanka har la'asar. Gam ɗin ya kama kamar tare aka halicce su da gilashin, babu ko hudar allura. Na zazzage ƙwayoyin cikin sandar a kaskon Rabi, na ɗora a wuta, na kifa guntun gilashi a kai. Nan da nan guntun ya yi gumi. Ƙwayoyin da aka sa don su sha laimar cikin taga sun riga sun ƙoshi da ruwana tun suna lungu. Iskar da muka kulle kuwa iskar ɗakin nan ce. Ba daga waje ruwa ya shiga ba. Ni na zuba shi da hannuna, sau uku a rana, Idi kuma ya liƙe shi da kyau har ya rasa hanyar fita. Da liƙinsa na banza ne, da watakila bazara ta busar da shi.

A nan ne nake so ku buɗe kunne, don nan ne abin yake. Babu wanda ya sani sai ni da uwarku. Na riga na gane gyaran: busasshen ɗaki, a soya ƙwayoyi a zuba da ɗuminsu, a rufe da sauri. In na yi ta uku ni kaɗai ta yi kyau, duk Gaya da Ajingi za su ce Sale ya gyara abin da ƙaninsa ya ɓata. Sunana zai hau, ba wanda zai tambaya. Kada ku ɗauka ban yi tunanin haka ba. Har gilashi na yanka. Kwana uku ina zuwa shago ina dawowa da wannan niyya. Kullum da rana Rabi ta aiko da abinci, kullum na mutum biyu, in ci rabi in bar rabi ƙudaje su bi. A rana ta uku na dawo na dire mata kwanon.

"Me ya sa kike zuba na mutum biyu?"

"Hannuna ne ya saba. In ka ce min ƙaninka ya mutu sai in rage."

Washegari da sassafe na hau mashin na nufi Gafasa.

Na same shi yana sharar gona, yana tara karan bara yana cinna wuta. Ya gaishe ni yadda ake gaida babba, ya tambayi gida, ya ci gaba da aikinsa. Na tsaya a kan kunyar gona ina kallon bayansa. Ni ban iya doguwar magana ba.

"Idi, na farke tagarka. Liƙinka ba shi da ƙofa. Yayyafina ne."

Bai juyo ba. "Na yi zargin haka."

"Me ya hana ka faɗa?"

"Na faɗa. Ka ce in ja gam ɗina."

"To, na zo. Ka dawo mu yi ta uku kafin ruwa ya sauka. Tsohuwar nan ba ta cin abinci."

Sai a lokacin ya jingina da manjagara ya dube ni. "Yaya, ba a gona ka faɗa ba. Nan ba kowa sai ni da kai da hayaƙi. Surukina ya daina haɗa ido da ni. Matata ta je suna an tambaye ta ko gaskiya ne mijinta ɗan rakiya ne a shago. Inda ka ajiye maganar, can za ka je ka ɗauke ta."

Da wani ne ya gaya min haka da na mare shi. Na tsaya ina jin zafin wutar karan a ƙafata. Na ce masa ya zo kasuwa mai zuwa, ya kuma zo da Malam Hudu.

Ranar kasuwa na je teburin mai shayin nan da wuri, na jira har benci ya cika, har direban nan mai tsokana ya zo. Idi da surukinsa suka zauna a ƙarshe. Na fito da guntun gefen tagar farko, gilashi uku da gam a manne, na ajiye a tebur inda Idi ya ajiye bindigarsa. Na miƙe tsaye, abin da ba a yi a wurin mai shayi.

"Ran nan a nan na ce liƙin Idi ya bar ƙofa. Ƙarya na yi. Ga liƙin nan, duk mai wuƙa ya gwada. Ni na jiƙa ɗakin aiki da yayyafi, na kulle ruwa a cikin taga. Ya gaya min, ban ji ba. Dabarar gilashi ukun ma tasa ce, ba tawa ba. Hannunsa ya fi nawa tun da daɗewa. Shi ke nan."

Na zauna. Mai shayi ya tsaya da buta a sama. Direban ya ɗauki guntun ya juya shi, ya sa farce, ya sa haƙori, ya ajiye.

Ya ce, "Wato duk garin nan muna roƙon ruwa, ashe kai ka ɓoye damina a ɗaki."

Wani ya ce, "A gaida Sale Damina."

Benci ya fashe da dariya, har masu tallar gyaɗa suka matso. Na zauna na shanye ta, dariyar da na rantse ba za a ƙara yi min ba. Ba ta kashe ni ba. Malam Hudu bai yi dariya ba. Ya miƙo hannu ta kan mutane muka gaisa, ya ce, "Na ji, Malam Sale," ya juya ya ce wa mai shayi ya ƙara wa surukinsa madara. Na ciro bindigar gam daga jakata na tura wa Idi. Ya bar ta a tebur har ya gama shayinsa, sannan ya ɗauka.

Ta uku shi ya ja ragamarta. Ya sa muka bar ɗakin baya a buɗe kwana biyu rana ta gasa shi, muka shimfiɗa leda a ƙasa muka rataya wata a bango, muka goge komai da busasshen ƙyalle. Rabi ta soya mana ƙwayoyi a kasko, muka ɗura da ɗuminsu, ya rufe da tsakar rana lokacin da iska ta fi bushewa. Hadari ya fara haɗuwa a gabas a kwanakin, muna tsere da shi. Da azahar na ɗauki buta zan yi alwala, ina bakin ƙofa na ji muryarsa a bayana.

"Yaya, ajiye butar nan."

"Salla zan yi."

"A waje. Can nesa, bayan dalbejiya."

Wannan ce dariyar farko da muka yi tare tun ranar shayi. Kafin ya rufe gilashin ƙarshe ya ɗauki ƙusa ya karce layi biyu, ɗaya miƙaƙƙe ɗaya karkatacce, a jikin sandar alminiyam, a kusurwar ƙasa, ta ciki. Ya ce ɗaya nasa ɗaya nawa, in ta yi gumi a zagi kowa. Muka jingina mata ƙanƙara har ta narke. Gilashi ya tsaya garau.

Mun kafa ta kwana biyu kafin ruwan fari. Dada ta rame ƙwarai, sai da aka ɗaga ta mutum biyu. Ta dubi taga, ta dube ni.

"Kai ne mai gajimare?"

"Ni ne, Dada."

"Wannan fa?"

"Ƙanena ne. Shi ya yi wannan."

"To kai matsa, ka tare min maraƙi."

Kada ku ɗauka komai ya koma yadda yake. Da muka gama Idi ya ce min ba zai dawo shagon Gaya ba, zai buɗe nasa a Ajingi. Ban yi musu ba. Muka raba kayan aiki biyu, zarto ɗaya ne na bar masa. Duk aikin ɓangaren Ajingi da Toranke da Gafasa ya koma hannunsa, har wasu mutanen Gaya suka riƙa tsallake ƙofata suna zuwa wurinsa, tunda ni da bakina na ce ya fi ni. Shekarar nan mun ci tuwo da miya ba nama sau da yawa, manyanku za su tuna. Wasu suka ce na yi wauta, wasu kuma, da ba su je kasuwa ran nan ba, suka juya labarin suka ce laifin Idi ne na ɗauka don in rufa masa asiri. Wannan ya fi min ciwo a kan sunan Damina, don yabo ne a kan ƙarya. Shi ne nake kashewa yau. Ban rufa wa kowa asiri ba. Nawa na tona, kuma da na sake samun kaina a wurin, haka zan yi, sai dai ba zan ɓata kwana uku ba.

Kwano ɗaya bai dawo nan da nan ba. Kusan shekara muna gaisawa kamar maƙwabta. Wata ranar kasuwa na bi ta ƙofar shagonsa, an kawo masa abinci daga gida, ya ɗaga murfi ya duba ya ce, "Matar nan ta cika zubawa. Matso, Yaya." Tun daga ranar duk kasuwar Ajingi a can nake cin abincin rana. Yanzu in aikin gilashi uku ya zo, ni ke yanka a Gaya, shi ke liƙi a Ajingi, ba kuma a shiga ɗakinsa da ko kofin ruwa.

Dada ta ƙara damina uku tana ƙirga shanunta tana zagin masu kiwo ta cikin gilashi, sannan Allah ya karɓi abarsa. Tagar tana nan, ba ta taɓa gumi ba. Duk wanda ya sake ce muku Baffanku ya ɓata aiki, kada ku yi gardama da shi. Ku ɗauke shi ku kai shi Toranke, ku yi sallama a gidan Alhaji Umaru, ku roƙa a nuna masa kusurwar ƙasa ta hannun dama. Zai ga layi biyu a ciki, inda hannu ba ya kaiwa. Miƙaƙƙen na Baffanku ne. In kuma ya tambaya wa ya zuba ruwan, ku ce ubanku ne, sunansa Damina.